Bututun da Ke Kewaya Ruwa da Kansa: Zai Sanyaya Ɗaki da Sanyin Ƙasa a Kano?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Ina gini a Rijiyar Zaki, an gama fandisho amma ba a yi ciko da kankaren daɓe ba tukuna. Na ji labarin wani tsari da ake kira tamosaifon, wai ana binne bututu a ƙasa, ruwa ya riƙa kewayawa da kansa ba famfo ba lantarki, yana musayar zafi da ƙasa. Tunda ruwan rijiya da sanyinsa ko a tsakiyar bazara, me zai hana in binne bututu zurfin mita uku, in shigo da shi ɗaki ya riƙa sanyaya mana? Wane irin bututu zan saya, kuma tsawon nawa?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa a gama ginin lafiya. Abin da kake nema shi ne zafin ɗaki ya sauka cikin ƙasa da kansa, sanyin ƙasa ya hau ɗaki, ba tare da an sa wuta ba. A yadda ka tsara shi ba zai yi ba, kuma ba irin bututu ko tsawonsa ne matsalar ba. Tsarin kansa ne ya juya baya. Amma ka yi tambayar a kan gaɓa, domin akwai yadda ake kifa shi ya yi aiki, kuma sai kafin a zuba daɓe ake iya yinsa da sauƙi.

Abin da ke tura ruwan

Ruwa in ya ɗumama yana buɗewa ya rage nauyi. Ruwa lita 1,000 yana da nauyin kilo 998 a digiri 20, a digiri 30 kuwa bai kai kilo 996 ba. Wannan ɗan bambanci shi ne injin tsarin gaba ɗaya. In ka haɗa bututu ya zama zobe, ka ɗumama shi daga ƙasa ka sanyaya shi daga sama, ruwan ɗumi zai hau ta ɓangare ɗaya, mai sanyi ya gangaro ta ɗayan, a yi ta kewayawa muddin bambancin zafin yana nan.

Mun saba ganin wannan a Kano, ba mu dai ba shi suna ba. Tsohon injin niƙa Lista mai duron ruwa a gefe, da tiyo biyu ɗaya sama ɗaya ƙasa, ba shi da famfon ruwa: ruwan da kan injin ya ɗumama ne ke hawa ta tiyon sama ya zuba a duro, na ƙasan duron ya dawo. Haka man da ke cikin taransifomar unguwa, yana hawa ya bi fukafukan ƙarfen nan na gefe ya huce ya sauko. Haka na'urar dafa ruwan wanka da rana, wadda dole tankinta ya zauna sama da farantin. A duk ukun, tushen zafi yana ƙasa, wurin hucewa yana sama.

Yanzu dubi naka. Ɗaki mai zafi yana sama, ƙasa mai sanyi tana ƙasa. Ruwan da ya ɗumama a ɗaki ya riga ya kai inda yake so, ba abin da zai saukar da shi. Mai sanyin da ke cikin ƙasa ya fi nauyi, ya kwanta a inda ya dace da shi. Cikin 'yan mintuna bututun da ke ɗaki zai yi zafi ɗaya da ɗakin, komai ya tsaya cak. Ƙarin tsawo, ƙarin kauri, jan ƙarfe a madadin roba, duk ba za su motsa shi ba.

Inda ake binne tamosaifon a ƙasa da gaske, akasin bukatarka ake nema. Bututun man fetur na Alaska a Amurka, wanda aka kammala a 1977 mai tsawon kusan kilomita 1,300, yana ratsa ƙasar da ke daskare shekara da shekaru. In ta narke ginshiƙan za su nutse. Shi ya sa aka sa irin waɗannan bututai sama da 120,000 a cikin ginshiƙan, da sinadarin amoniya a ciki. Lokacin sanyi, da iska ta fi ƙasa sanyi, suna zuƙo ɗumin ƙasa su watsar a sama, ƙasar ta ƙara daskarewa. Lokacin zafi kuma su tsaya da kansu. Layin dogon da ya isa Lasa ta yankin Tibet a ƙasar Sin a 2006 shi ma an jera masa su a gefen hanya don dalili guda. Aikinsu fitar da zafi daga ƙasa zuwa sama ne kawai. Ka riƙe wannan hali na tsayawa da kansu, domin shi za mu yi amfani da shi.

Sanyin ƙasar Kano nawa ne?

Akwai kuskure na biyu a ƙarƙashin tambayar, kuma ba kai kaɗai ke yinsa ba. Ƙasa a zurfin mita uku zuwa huɗu ba ta da wani sanyi nata. Tana zama ne kusa da matsakaicin zafin garin na shekara, wani lokaci ta ɗara shi da digiri ɗaya ko biyu in filin a buɗe yake rana na dukansa. A Turai wannan matsakaici yana wajen digiri 10, shi ya sa hotunan da ke zuwa daga can suke burgewa. A Kano yana wajen 26 zuwa 27, don haka ka sa ran samun 27 zuwa 30 a ƙarƙashin filinka. Ruwan rijiyar da kake jin sanyinsa a Afrilu shi ne dai wanda kake jin ɗuminsa da asuba a Janairu. Ruwan bai canja sosai ba, iskar ce ta canja. Fatar mutum tana wajen digiri 33, ruwa kuma yana kwasar zafi fiye da iska sau ashirin da wani abu, shi ya sa ruwa mai digiri 28 yake da daɗin wanka, alhali iska mai digiri 28 ba za ka kira ta sanyi ba.

Abin da ƙasa ke da shi shi ne jinkiri. Bambancin dare da rana ba ya wuce rabin mita a ciki. Bambancin hunturu da bazara kuwa yana kaiwa mita uku, amma ya rage zuwa kamar kashi ɗaya bisa huɗu, kuma yana isa a makare da wata biyu zuwa uku. Wannan ya yi mana daidai: a Afrilu, sa'ad da iskar rana ke kaiwa digiri 40, ƙasar mita uku tana ɗauke da ragowar sanyin Janairu ne. Ribar ba ta wuce digiri ɗaya da ɗan abu ba, amma a wannan sana'a ba a raina digiri ɗaya.

Irin ƙasar ma yana da muhimmanci ƙwarai. Busasshen yashi ba ya wuce da zafi, kusan kamar bargo yake ga bututu. Yashi mai danshi ya fi shi sau huɗu zuwa biyar, dutsen da ke ƙarƙashin Kano ya fi su duka. Matsalar ita ce a bazara, lokacin da ake bukatar aikin, saman ƙasarmu a bushe yake ƙayau, an yi wata biyar ko shida ba ruwan sama. Bututun da aka kwantar a busasshiyar ƙasa zai ɗumama abin da ke kewaye da shi cikin 'yan awoyi, daga nan ya daina karɓar komai.

A juya tsarin: daɓe a ƙasa, faranti a kan rufi

Tunda ruwan bututun sama kawai yake kai zafi da kansa, sai a nemi abin da ya fi ɗaki sanyi kuma yake sama da shi. Akwai: sararin samaniya da dare. Farantin ƙarfe da ke kallon sama a daren da ba gajimare yana fitar da zafinsa ya sauka ƙasa da zafin iska da digiri biyu zuwa biyar. Shi ya sa raɓa ke kwanciya a kan mota ba ta kwanta a ƙarƙashin rumfa ba. A busasshiyar iska irin ta Fabrairu da Maris abin ya fi ƙarfi.

Tsarin kenan: bututai a cikin kankaren daɓe, farantin hucewa a kan rufi, manyan bututai biyu su haɗa su. Da dare ruwan farantin ya huce ya gangaro, ya bi ta daɓe ya kwashi zafin da kankare da ƙasar da ke ƙarƙashinsa suka tara, ya sake hawa. Da rana farantin ya yi zafi, ruwan zafi ya tsaya a sama, kewayawa ta mutu da kanta. Zafin ɗaki kuwa yana shiga daɓe kai tsaye, ba ya bukatar ruwa ya kai shi. Daɓen da cikon da ke ƙarƙashinsa sun zama ma'ajiyar sanyin dare.

Ga lissafin, don kada a yi tsammanin abin da babu. Ɗauki ɗaki mita 4 sau 4, kankare kaurin santimita 15. Kafin ka sauke wannan daɓe da digiri ɗaya sai ka cire masa kusan kilowat 1.4 na awa, wato yunit 1.4 irin na mitar wuta. Faranti mai faɗin murabba'in mita 10, a dare mai kyau, yana iya zubar da wajen wat 50 a kowace mita. A bazara iska ba ta sauka sosai sai bayan tsakar dare, don haka ka ƙirga awa shida: kilowat 3 na awa, wato digiri biyu a daɓe. Daɓe mai sanyi yana karɓar wajen wat 6 zuwa 7 a kowace murabba'in mita kan kowane digiri na bambanci, saboda haka in ya fi ɗaki sanyi da digiri biyar zai riƙa shan wajen wat 500. Esi mai ƙarfin doki ɗaya tana cire kusan wat 2,600. Ka ga ba a kusa suke ba. Abin da za ka samu shi ne daɓen da ake jin daɗin kwanciya a kansa da tabarma, da ɗakin da ba ya ɗaukar zafi da wuri. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, da danshi ya fara shigowa dare ya ƙi hucewa, ƙarfin tsarin yana raguwa, kuma a lokacin ne aka fi jin jiki. Wannan ita ce babbar gazawarsa, ban ga dabarar da za ta kawar da ita ba tare da wuta ba.

Wurin da yawancin masu gwadawa ke faɗuwa shi ne kaurin bututu. Ƙarfin da ke tura ruwan ƙanƙane ne ƙwarai. In tsayin daga daɓe zuwa faranti mita 3 ne, bambancin zafi digiri biyar, turin bai wuce nauyin ruwa mai zurfin milimita 4 ba. Tankin da ke kan gidanka yana ba famfon banɗaki ɗaruruwan ninkin wannan. Da wannan turi, bututu mai faɗin ciki milimita 25 da tsawon mita 30 zai wuce da ƙasa da lita ɗaya a minti, abin da zai ɗauki wat 300 in ba a ƙirga gwiwoyi ba. Ka rage faɗin zuwa rabi, ruwan da zai wuce ya koma kashi ɗaya bisa goma sha shida. Saboda haka rabin inci da mai aikin famfo zai fara kawo maka ba shi da gurbi a manyan layukan. Bututun hawa da na sauka su zama masu faɗin ciki milimita 32 zuwa 40. Ka kula, koren bututun da ake haɗawa da zafi in an rubuta masa 32, faɗin waje ake nufi, cikinsa yana tsakanin 21 da 26 ne. Ka riƙe ma'auni in za ka Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ka auna cikin da kanka.

A cikin daɓe kada a nannaɗe dogon bututu guda yana kai da komo. A yi shi kamar tsani: babban bututu a gefe ɗaya, wani a gefe na biyu, ƙanana masu milimita 20 su ratsa tsakaninsu, tazarar santimita 25, kusan guda goma sha biyar a ɗakin mita huɗu. Ruwan sanyi ya shiga ta kusurwa ɗaya, na ɗumi ya fita ta kusurwar da ke hannun riga da ita, don kowane layi ya samu rabonsa. Ko'ina a bi da hawa, santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, tun daga mashiga har saman faranti, kada a bar ko tudu guda da iska za ta maƙale. Kumfar iska guda a wuri mai tudu ta isa ta kashe tsarin, domin turin milimita huɗu ba zai iya ture ta ba. A ɗaure bututan a jikin rodi kafin zubi, a duba da lebur, in ba haka ba leburori za su tattake su su lanƙwashe. Haɗe-haɗen su kasance a bakin daɓe cikin ɗan rami mai murfi, abin da zai shiga kankare ya zama miƙaƙƙen bututu marar haɗi. A cika da ruwa, a matsa shi da famfon gwaji, a bar shi kwana ɗaya ana duba geji, kuma a bar matsin a ciki har a gama zubi.

Farantin ƙarfe ne dole, roba ba ta wuce da zafi. Ko bututan jan ƙarfe a manne da faranti tazarar santimita 10 zuwa 15, ko bututan ƙarfe a yi musu walda a jikin falan ƙarfe. In aka haɗa jan ƙarfe da alminiyon tsirara, ruwan damina zai sa alminiyon ya ci, sai a rufe mahaɗar da fenti sosai. Mannewar ce aikin: bututun da kawai aka ɗora aka ɗaure da waya yana taɓa faranti a wurare kaɗan, rabin aikin ya tafi. Kada a bar ƙarfen yana ƙyalli, domin ƙarfe mai ƙyalli ba ya fitar da zafi da dare. A shafa masa farin fenti: da dare yana fitar da zafi kamar baƙi, da rana kuma yana mayar da hasken. Kada a rufe shi da gilashi, gilashi tare zafin yake. A jingine shi kaɗan, a ɗaga shi daga kwanon rufin, a sa soso mai tare zafi a ƙarƙashinsa, a nisanta shi da inuwar bishiya ko doguwar katanga, domin sararin sama yake bukatar gani. Ƙurar hunturu kuma a riƙa wanke ta.

A can ƙololuwa a sa ɗan tanki buɗaɗɗe mai murfi da raga. Ruwa yana ƙaruwa da kashi biyu cikin ɗari daga digiri 20 zuwa 70, in ba shi da wurin buɗewa zai fasa haɗi. Ta nan ne kuma iska ke fita. Farin bututun roba na ruwan sanyi yana laushi tun wajen digiri 60, kada ya kusanci faranti. Manyan layukan biyu a naɗe su da soso a bi da su ta inuwa, domin in rana ta doki na hawan zai fara jan ruwan zafi yana saukowa ta ɗayan. A sa makulli guda mai buɗewa gaba ɗaya a layin sauka. Ƙaramin makullin nan mai sifirin da ke hana ruwa komawa baya kada a sa shi, turin ba zai buɗe shi ba. A cika daga ƙasa a hankali, da ruwan sama in da hali, kuma kada a riƙa sauya ruwan, kowane sabon ruwa da iskarsa da gishirinsa yake zuwa.

Abu biyu na cikin gida. Kafet mai kauri yana rufe daɓen ya kashe amfanin, tayil ko siminti tsirara ake so a bazara. A hunturu kuwa tsarin zai fi kowane lokaci ƙarfi, daren Kano na sauka wajen digiri 13, daɓen zai yi sanyin da yara da tsofaffi ba za su so ba. Kana iya rufe makulli. Na fi son a bar shi a buɗe a shimfiɗa kafet, don cikon da ke ƙarƙashi ya tara sanyin da zai rage har cikin Maris. In za ka bi wannan, a jera soso kaurin santimita biyar a tsaye a jikin fandisho ta ciki kafin ciko, don zafin tsakar gida kada ya shigo ta gefe, a kuma yi maganin gara da kyau, domin gara na son bin bayan soso.

Tara sanyin hunturu a tanki, da bututu mai gas

Wasu za su ce a binne babban tanki a tara sanyin hunturu a sha a bazara. Tarawar tana yiwuwa da wannan faranti. Tanki mai lita 10,000 da aka sauke daga digiri 28 zuwa 20 yana riƙe da wajen kilowat 93 na awa, abin da esi guda ke cirewa a awa 36. In ba a lulluɓe shi ba ƙasa za ta mayar masa da zafinsa cikin wata guda ko ɗan fiye. Ko da soso mai santimita goma, bayan wata biyu da rabi kusan kashi ɗaya bisa uku ne zai rage. Sannan tankin yana ƙasa da ɗaki, ka koma matsalar farko, sai da famfo. Ga gida guda kuɗin ya fi amfanin.

Irin na Alaska kuwa bututu ne guda a toshe, an zuƙe iskar ciki an zuba ruwan gas kaɗan. Yana tafasa a gindin, tururin ya hau ya huce a kai, ya gangaro ta jikin bututun. Ya fi na ruwa saurin ɗaukar zafi nesa ba kusa ba, kuma ƙwararren mai gyaran firji mai injin zuƙe iska da geji zai iya haɗa shi da bututun jan ƙarfe da gas ɗin firji R134a. Sai dai dokar ba ta canja ba, sama kawai yake kai zafi. Amoniya tana cin jan ƙarfe kuma guba ce. Iskar kabon da ake sa wa wasu a ƙasashen ƙanƙara ba ta zama ruwa in zafi ya wuce digiri 31, ga matsin da ya fi na iskar da muke ciki sau 60, ba ta dace da Kano ba. Gas ɗin firji R600a yana kama wuta, kada a shigo da shi ɗakin kwana. In aka cika gas da yawa, nauyin ruwan yana hana na gindi tafasa: kowace mita ta R134a a tsaye tana cinye fiye da rabin digiri, mita uku ta kusa cinye biyu daga ɗan abin da kake da shi. In iska ta rage a ciki, tana taruwa a kai ta toshe wurin hucewa. Kuma komai saurin bututun, busasshiyar ƙasar da ke kewaye da shi ce za ta ƙayyade abin da zai samu.

In ka yarda da 'yar wuta kaɗan

Famfon sola mai wat 10 zuwa 20 yana warware matsalar sama da ƙasa baki ɗaya, sai tsarinka na asali ya yiwu. Amma da bambancin digiri uku tsakanin ruwa da ƙasa, kowace mita ta bututu a ƙasa mai ɗan danshi wajen wat huɗu take zubarwa. Wat 500 na bukatar sama da mita ɗari, a busasshen yashi ninki uku. Naɗa bututu a cikin ruwan rijiya ya fi, in rijiyar tana da ruwa a bazara kuma ana jan ta, sai dai ruwa zalla za a sa a ciki, ba a zuba wani sinadari kusa da ruwan sha.

Akwai kuma bututun iska: faɗin santimita 15 zuwa 20, tsawon mita 30 zuwa 40, zurfin mita biyu da rabi zuwa uku, da ƙaramar fanka tana tura iska mita biyu a daƙiƙa. Iskar digiri 40 tana iya fitowa wajen 30. Ga ɗakin da ke 35 ribar kamar wat 200 ce, tare da sabuwar iska. A damina ba shi da amfani, iska da ƙasa sun kusa daidaita. Abin tsoro shi ne ruwan ƙasa ya shiga ta haɗi a Agusta ya kwanta, sauro da wari su biyo. A ba shi gangare santimita ɗaya zuwa biyu a mita zuwa ramin da za a iya kwashewa, a manne haɗin sosai, a sa raga a baki, a nisanta shi da masai da sokawe, naka da na maƙwabta. A filin 50 sau 50 da aka cika da gini wannan nisan ne ke gagara. Ramin mita uku a yashi yana rufta wa mai haƙa, a jingine gefensa ko a tokare, kuma kada a haƙa shi dab da fandisho.

Kafin duk wannan, rufin. Ƙarƙashin kwano da tsakar ranar Afrilu yana wuce digiri 50, silin marar kariya yana zubo wa ɗakin mita 4 sau 4 wajen kilowat guda. Soso kaurin santimita biyar a kan silin yana mayar da shi kusan wat 200. Wannan kaɗai ya fi duk abin da bututan daɓe za su cire, kuma ya fi araha. Ƙara farin fenti a kwano, da kafofin iska a ƙarƙashin rufi, da inuwa ga tagogin yamma. Soron ƙasa na cikin birni, irin Gidan Makama, da kaurin bango da rufin azara yake jinkirta zafi har dare. Daɓe mai bututu ƙari ne a kan ɗakin da aka riga aka kare, a ɗakin da kwano ke gasawa ba za ka ma ji shi ba.

Gwajin da za ka yi kafin ka sayi komai

Sayi ma'aunin zafi mai lamba mai doguwar waya. A huda rami siriri a filin, a ajiye kan ma'aunin a mita biyu ko uku, a mayar da ƙasa a danne, a bar shi kwana uku kafin a fara karantawa. Auna ruwan rijiya mafi kusa nan take da aka jawo shi. Sannan ka shafa wa falan ƙarfe mita ɗaya farin fenti, ka ɗora shi kan soso a wuri mai tsayi da ke kallon sama, ka manna ma'auni a bayansa. Karanta shi da ƙarfe ɗaya na dare da kuma kafin sallar asuba, tare da zafin iska da na daɓen siminti a wani ɗaki na kusa, mako guda a jere, a Maris ko Afrilu. In farantin yana sauka ƙasa da daɓen da digiri biyar ko fiye na awa biyar, tsarin zai yi a wurinka. In bambancin bai kai uku ba, ka sa kuɗin a silin da sola. In kuma magina ba za su jira bazara ba, a kwantar da tsanin bututan a ɗaki guda, a fito da bakunansu a toshe, farantin ya jira sakamakon awon.